Wata tara da katin GTX 1650 a tsohuwar kwamfutata a Birnin Kebbi

Kwamfutar da nake buga gem da ita ta hannu na saye ta a 2019, irin tsofaffin na'urorin ofis ɗin nan da ake shigowa da su daga waje. Furosesarta Core i5-4570 ce ta 2013, da RAM giga 8 sanda ɗaya, da had dis mai juyawa, sai katin girafik GTX 750 Ti da na ƙara mata daga baya. Ta yi mana hidima ni da ƙannena a gidanmu na Badariya. Da ita muka buga PES 2021 har muka haddace 'yan wasa, da ita muka zaga garin GTA V lungu-lungu. Bara ne ta fara gazawa ƙiri-ƙiri. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, in ka shiga gem kuma hoto ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar kai hari.

Da farko katin girafik RX 580 mai giga 8 na ƙwallafa rai a kai. Duk abokin da na tambaya ita yake ambata, kuma gaskiyarsu: ta fi GTX 1650 ƙarfi, ta hannu kuma ba ta da tsada. Wanda ya taka mini birki shi ne mai gyaran da nake kai wa aiki kusa da babbar kasuwa, a kan batun fawa fak, wato abin da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta. Ya kwance murfin, ya haska da fitilar waya, ya ce: "Malam, diba nan. Fawa fak ɗin ga wat 290 ne, kuma ba shi da wayar da ke ba kati wuta. Wanga kati da kake so, shi kaɗai wat 185 yake sha. In ka sa shi sai ka sake fawa fak, kuma filogin wagga bod ba irin na kowa ba ne." Ya kuma tuna mini cewa da yawa daga RX 580 ɗin da ke yawo a kasuwa sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana kafin su iso hannunmu.

Sannan ya sa na buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna nauyin aikin da ke kan kowane sashe, gem yana tafiya. Had dis na kan kashi 100, RAM saura ƙiris ta cika. Ashe rabin laifin da nake ɗora wa kati ba nasa ba ne.

Don haka SSD na fara saya, wato ma'ajiyar fayil marar juyawa da ke maye gurbin had dis, mai giga 500, irin na SATA. A duk kuɗin da na kashe wa na'urar nan babu wanda ya biya ni kamarsa, ga shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin katin ba. Had dis mai juyawa da ƙyar yake wuce mega 150 a daƙiƙa, SSD kuwa yana kai wajen 500, kuma ba ya jiran allura ta lalubo inda fayil yake. Yanzu kafin na gyara zama Windows ta buɗe. Amma kada wani ya ruɗe, SSD bai ƙara mini firem ko ɗaya a cikin wasa ba. Jira ya kashe, da wannan tsayawar da mota ke yi a GTA idan gari bai gama fitowa a gabanta ba. Bayan sati biyu na ƙara sanda ta biyu ta RAM, irin DDR3, giga 8, na nemo mai gudu ɗaya da ta ciki domin su yi aiki a layi biyu.

Sai katin, wato GTX 1650. Daga Kano na sa aka aiko mini da shi ta tasha, na kuma nace sai da aka turo mini hoton gefensa, saboda akwai wasu GTX 1650 masu ramin fin shida da ke neman wayar wuta daban. Nawa ba ya nema. Wat 75 ɗin da yake buƙata daga ramin bod yake ja, ka soka ka ɗaure da noti ɗaya, shi ke nan. GTA V yanzu yana tafiya sumul a 1080p da saiti mai tsawo, PES kuwa ko gezau.

Abin da ya fi sa na yaba masa ba a allo yake ba. Mu nan wuta ba ta zama, yawancin wasanmu na dare a kan sola ne, da ƙaramin inbata da batir biyu waɗanda fankokin gida da fitilu ma su suke jira. Da na sa kati mai shan wat 185, da kowane dare sai an zaɓa tsakanin gem ɗina da barcin yara, kuma kowa ya san wanda zai ci. Ga zafi. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Birnin Kebbi ya san zafi na haura digiri 40, ɗaki ya koma tanda. Kati mai ƙarancin shan wuta zafinsa ma kaɗan ne. Na wuce bazarar nan da shi ba tare da ya kashe kansa ko sau ɗaya ba, sai dai fankarsa na ɗaga murya da tsakar rana. Da hunturu kuwa duk sati uku nake fitar da na'urar tsakar gida in bi ta da buluwa, ina riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima. Ƙurar da ke fita ta isa a shuka gero.

Inda ya gaza ma zan faɗa. Giga 4 ne kawai a jikinsa, kuma kati ne na 2019, sababbin manyan gem sai ka sauke saiti ƙasa sosai. Ba shi da DLSS, fasahar da ke ƙara wa gem gudu a wasu katunan. A gem ɗin ƙwallo na FC 24 na ga iyakar na'urar baki ɗaya: mafi ƙarancin abin da wasan ke nema shi ne GTX 1050 Ti da i5-6600K, katina ya haye, furosesata ba ta kai ba. Wasan na buɗewa, amma in aka taru a gaban raga wajen kwana sai hoto ya ɗan sarƙe, furosesa na kan 100 kati yana hutawa. Nan ne ƙanena ya matsa: "Yaya, mu sa mata furosesa i7-4790 mana, ai za ta hau."

Za ta hau, ramin ɗaya ne. Na ƙi. Ramin furosesa na bod ɗin LGA 1150 ne, daga wannan zangon babu gaba. Windows 11 tana neman furosesar Intel daga zango na 8 zuwa sama da abin tsaro na TPM 2.0, Windows 10 kuma an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. SSD da katin za su bi ni zuwa sabuwar na'ura duk ranar da Allah ya hore, i7 kuwa a nan za ta tsufa tare da DDR3 ɗin. Kuɗin da zan ba da a kanta na sa su a adashen wurin aiki, kwasata na zuwa bayan babbar salla, kuma mai gyarana ya riga ya fara cigiyar bod mai DDR4 da akwatin da ke karɓar fawa fak na kowa.