Mun sai jirgin ruwa na hannu mai tafiya da iska, ga yadda na same shi bayan shekara biyu

Tunda na sa hoton jirgin nan a status ƴan majalisarmu ta Unguwar Rimi suka hana ni sakat, kowa tambayarsa nawa ne, wai ko ana iya kawo shi Kaduna. Toh bari in faɗi komai gaba ɗaya.

Ni da ƙanina muka haɗa kuɗi muka saya. Shi yana aikin asibiti a Southampton can kudancin Ingila, ni kuma na yi shekaru ina aikin inji a jiragen dakon kaya kafin in dawo gida in kama kasuwanci, kuma wallahi tunda na bar ruwa kewarsa bata taɓa sakina ba, wani lokacin in na bi ta kan gadar kogin Kaduna da damina sai na rage gudu ina kallo. Shi ya sa da ya kira ni yace Yaya ga fa tsofaffin jirage nan ana sayarwa kuɗinsu bai kai na mota ba, ban yi dogon tunani ba nace ya fara dubawa.

Na farko da muka gani saura kaɗan ya ci mu. Dillalin mutum ne mai daɗin baki, hotuna kuwa kamar sabo, an wanke an goge, yana ta cewa akwai wani mai so ranar Asabar in bamu ajiye kuɗi ba shikenan. Irin maganar da kake ji wurin masu sai da mota tokunbo a nan garin, babu bambanci ko kaɗan. Ƙanina har ya fara rawar jiki. Nace masa a'a, ba a cinikin biri a sama, jirgi yana cikin ruwa rabin jikinsa baka gani ba. Tsarinsu a can shine ka bada kafin alƙalami kashi 10 cikin ɗari, a rubuta cewa ciniki bai faɗa ba sai mai duba jirgi ya duba, kai mai saye kai zaka biya shi, kai zaka biya kuɗin injin da zai ɗaga jirgin ya fito da shi tudu. Muka yi hakan. Mutumin da muka ɗauka dattijo ne, ba dillalin ne ya kawo shi ba, mu muka nemo abinmu, kuma dan Allah duk mai niyya ya riƙe wannan.

Ya zo da ƙaramar guduma da wata na'ura ta auna danshi. Ya bi jikin jirgin kaf yana ƙwanƙwasawa yana saurare, inda yake lafiya ƙarar tana fita tas, inda ruwa ya shiga sai kaji ta mutu kamar ka buga jiƙaƙƙen katako. A ƙasa ya nuna wa ƙanina wasu ƙuraje a jikin faibar, ya fasa ɗaya ruwa ya fito mai warin tsami, yace wannan ruwan teku ne ke ratsa faiba a hankali tsawon shekaru. Wannan ma yace da sauƙi. Abin da ya kashe cinikin shine saman jirgin inda ake takawa, ruwa ya bi ta ramukan kusoshi ya ruɓar da katakon da ke tsakiya, kana takawa yana lotsawa, gyaransa ya fi kuɗin jirgin. Muka karɓi kafin alƙalaminmu da ƙyar bayan dillalin ya ja mu kusan sati uku. Kuɗin dubawa da na ɗagawa sun tafi, amma har yau ban taɓa jin zafinsu ba.

Na biyun shine wanda muke da shi yanzu, Westerly Centaur, ƙirar 1976. Tsawonsa ƙafa 26. Kamfanin ya yi irinsa daga 1969 zuwa 1980, sama da guda 2,400, shi yasa duk tashar da ka shiga a Ingila sai ka ga ɗan uwansa, kuma wannan ba ƙaramin abu bane ga mai sayen na hannu, don duk matsalar da zaka haɗu da ita wani ya riga ka haɗuwa da ita, kayan gyara kuma ba sai ka sha wahala ba. Kamar dai mai tsohuwar Peugeot 504 ne a Panteka, kowane bakanike ya san cikinta.

Abin da yafi burge ni ƙafafunsa. Yawancin jiragen iska ƙarfe ɗaya ne dogo a ƙasa wanda ke hana su kifewa, shi kuma wannan biyu ne, hagu da dama. Amfaninsa, a can ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a rana, in ya janye sai jirgin ya zauna daram a kan laka a tsaye bai kwanta ba. Saboda haka bamu biyan kuɗin marina mai tsada, wato tashar ajiye ƙananan jirage, mun samu wurin ɗaurewa mai araha a wani lungu da ruwa ke ƙafewa, illa dai fita da shiga sai ka bi lokacin ruwa, in ka makara ka jira awa shida ko fiye. Kuma ruwa mai zurfin ƙafa uku da ɗan wani abu ya ishe shi wucewa.

Ciki yafi yadda kake zato daga waje. Ni dogo ne amma ina tsayawa sai ɗan sunkuyo kaɗan, akwai wurin kwanan mutum biyar, ɗan risho na gas, bayi ƙarami. Sallah muna yi a ciki ɗaya bayan ɗaya, kamfas na nan gabanka alƙibla bata ɓace maka, sai dai in kun jefa anka jirgin yana juyawa da ruwa, sai ka sake dubawa kafin ka tada kabbara.

Gudu kam babu. In iska tayi kyau muna yin kamar not biyar, wato wajen kilomita tara a awa, mai keke ma zai wuce ka. In iska tana fuskantarka kuma baya son haurawa sosai, sai kayi ta yanka hagu da dama ko ka tada inji. Wanda yake son tsere kada ya saya. Amma ranar da muka tsallaka zuwa Cowes a tsibirin Wight iska ta taso da ƙarfi, ƙanina ya tsorata yana ta salati, jirgin nan ko a jikinsa, nauyinsa kusan tan uku ne, yana sara igiyar ruwa a natse. Ranar na yarda da shi.

Injin Volvo ne na dizal mai silinda biyu, tsoho amma mai sauƙin kai, babu kwamfuta babu komai, da sifana da sukurdireba zaka kwance rabinsa. Ni da hannuna na canza mai da filta da ƴar robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya shi. In baka iya irin wannan ba ka sani kuɗin aikin hannu a can ana lissafa shi ne da awa, kuma yana da zafi.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce kowa ke jira. An sa shi fam 7,000, bayan rahoton mai dubawa muka sauko da shi 5,800. Kada wannan ya ruɗe ka. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da dogon sandan tsakiya mai shi na baya bai san shekarunsu ba, masu inshora kuma galibi suna so a canza su duk bayan kamar shekara goma, dole muka canza. Famfunan da ke jikin jirgin a ƙarƙashin ruwa biyu sun ƙage, kuma in ɗaya ya karye jirgi nutsewa zai yi yana ɗaure, su ma muka canza. Ledar silin ta saki tana reto saboda soson bayanta ya zama gari da tsufa, wannan mun yi sati muna kankara. Batir biyu, rigunan ceto, ƙyallen gaba mai kama iska da rana ta cinye ɗinkinsa. Kafin shekara ta zagayo abin da muka kashe ya haura rabin kuɗin sayen, banda na kowace shekara, wato wurin ɗaurewa da inshora da fito da shi tudu a shafa masa fentin da ke hana ciyawa da ƙananan katantanwa mannewa. Araha bata ado, wanda zai saya ya ajiye wani kuɗin a gefe tun kafin ya fara zuwa kallo.

Takardu ma a kula. Mun nemi takardar cinikin wanda ya sayar mana da ta wanda ya sayar masa, don a tabbatar babu bashi a kai. Ƙanina kuma sai da ya yi kwas ɗin koyon tuƙin jirgi da ake kira Day Skipper na RYA, ƙungiyar masu irin waɗannan jirage ta Birtaniya, da na rediyon VHF da jirage ke magana da shi a teku, kafin in yarda ya fita ba ni, don Hajiya ta riga ta ɗaure ni da alƙawari, tace kai ne babba, ruwa ba sa'an kwando bane, amanarsa tana wuyanka.

Alhaji na majalisa da ke tambayar a kawo shi nan, ranka ya daɗe ba zai yiwu ba. Kogin Kaduna da rani duwatsu ne a waje, ga gadoji sandan ba zai wuce ba, kuɗin dakonsa zuwa Legas kaɗai ya ninka kuɗinsa. Mai sha'awa ya fara leƙa Legas, akwai kulob ɗin masu irin waɗannan jirage tun 1932, ya hau na wani ya ji ko cikinsa zai ɗauka.

Abin da ke damuna ɗaya ne, sau ɗaya nake zuwa a shekara, sati uku zuwa huɗu lokacin zafinsu, sauran watannin ina Kaduna ina turo rabona na kuɗin kula da shi da canjin nan da kuka sani. Uwargida ta yi magana, kuma tana da gaskiya. Mun zauna da ƙanina mun yi lissafi mun ga zamu iya riƙe shi shekara biyu nan gaba, bana kuma gilasan tagogi zamu cire mu sake liƙewa don na hagu ya fara ɗiga kan katifa.