Ruwan 'yan ga-ruwa a Daura: hidima mai kyau, jarkoki marasa tsabta

Saboda ruwan famfo da ake turowa daga madatsar Sabke ba kullum yake zuwa ba, gidaje da yawa a Daura sun dogara ne ga 'yan ga-ruwa, masu tura kura ɗauke da jarkoki. Ta fuskar hidima ba ni da ƙorafi, domin suna zuwa da sassafe, suna juye ruwa har cikin randa, kuma wanda muke hulɗa da shi yakan ɗaga wa mutum ƙafa zuwa ƙarshen wata.

Inda aikin ya gaza shi ne tsabtar jarkokin. Ruwan rijiyar burtsatse da suke ɗebowa yakan fito garau, amma na leƙa cikin wata jarka na ga gansakuka ta yi kore a gindinta, bakin kuma an toshe shi da tsohuwar leda maimakon murfi. Irin wannan sakaci ne yake jawo taifot da amai da gudawa, musamman da damina. Alam da wasu suke jefawa a randa laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Don wanki da wanka ruwan ya wadatar, amma na sha sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko kuma an sa masa sinadarin kulorin.