Leƙen hanji da kyamara: aikin da ingancinsa ke hannun mai yinsa

Aikin da likitoci ke kira kolonoskofi, wato leƙa babban hanji ta dubura da siririn bututu mai lanƙwasuwa wanda ke ɗauke da kyamara da fitila, yana cikin ayyukan asibiti da mutane suka fi gudu. An yi mini shi, na kuma bi diddigin binciken da aka wallafa a kansa, kuma hukuncina shi ne ya cancanci wahalarsa, amma bisa sharaɗin a samu hanji mai tsabta da likita mai haƙuri.

Amfaninsa ya samo asali ne daga yadda sankarar babban hanji ke farawa. Akasarinta tana tasowa daga ɗan tsiro a bangon hanji, wanda yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara, kuma a tsawon wannan lokaci mutum ba ya jin komai. Idan likita ya hango tsiron, a nan take yake yanke shi ta cikin bututun, ya aika da shi ɗakin gwaje-gwaje. Ke nan aikin bincike ne kuma rigakafi ne a zama ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga cutar da ta kama mutum kusan miliyan 1.9 a duniya a 2022, ta kashe kimanin 900,000. Wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2012 ya bibiyi mutum 2,602 da aka cire wa irin wannan tsiro, ya tarar mutuwarsu ta dalilin cutar ta yi ƙasa da abin da ake tsammani da kashi 53 cikin ɗari.

Wahalar aikin tana wajen shiri. Tun ana gobe mutum zai daina cin abinci, ya koma ruwa da abin sha marar kauri, sannan ya sha maganin wankin ciki mai yawa, marar daɗi, wanda zai sa shi zaryar bayi har abin da ke fita ya zama ruwa garau. A nan na ga gazawar wurin da na je, domin takarda kawai aka miƙo mini ba tare da an zauna an yi mini bayani ba, alhali sakamakon gaba ɗaya ya rataya ne a kan wannan mataki. Hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro, wani lokaci ma dole a sake aikin. Bincike ya nuna cewa raba maganin gida biyu, rabi da daddare rabi da safiyar ranar, ya fi tsabtace hanji, don haka ya dace mutum ya tambaya tun da wuri.

Aikin kansa gajere ne, minti 30 zuwa 60. Bayan allurar sa barci ban ji zafi ba, sai ɗan kumburin ciki daga baya saboda iskar da ake hurawa, kuma ba a barin mutum ya tuƙa mota a ranar.

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne NordICC, wanda Michael Bretthauer na Jami'ar Oslo ya jagoranta, mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a Oktoban 2022. Ya ƙunshi mutum 84,585 'yan shekara 55 zuwa 64 a Polan da Norwe da Suwidin, inda aka gayyaci wasu zuwa leƙen hanji aka bar sauran. Bayan shekara 10, kimanin mutum 10 cikin 1,000 na waɗanda aka gayyata ne suka kamu, sauran kuwa 12 cikin 1,000, ragin kashi 18 cikin ɗari, kuma ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba a yawan mace-mace. Jaridu da dama sun yi gaggawar cewa aikin ba shi da tasirin da ake ba shi. A ganina sun yi azarɓaɓi, domin kashi 42 cikin ɗari kaɗai na waɗanda aka gayyata suka je. Da masu binciken suka ƙiyasta sakamakon idan da kowa ya amsa gayyatar, ragin kamuwa ya kai kashi 31, na mutuwa kuma kashi 50. Wannan ƙiyasi bai kai ainihin sakamakon ƙarfi ba, kuma adalci ne a faɗi haka, amma ya nuna cewa gwajin ya auna tasirin gayyata ne fiye da tasirin aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne bambancin da ke tsakanin likitoci. Binciken 2014 a kan likitoci 136 na rukunin asibitocin Kaiser Permanente a Amurka ya nuna cewa wasu suna gano tsiro a kashi 7 cikin ɗari na waɗanda suka duba, wasu kuwa a fiye da rabi, kuma duk ƙarin kashi 1 a ganowa yana tafiya da raguwar kashi 3 a haɗarin ɓullar sankara bayan aikin. Saboda haka mutum yana da haƙƙin ya tambayi likita yawan tsiron da yakan gano, ko yakan kai bututun har farkon babban hanji, da kuma ko yakan ɗauki aƙalla minti 6 yana dubawa wajen fito da shi. Asibitin da ba ya ajiye wannan lissafi bai kamata ya samu cikakken yabo ba, komai kyawun na'urarsa.

Haɗari akwai shi, musamman zubar jini bayan yanke tsiro, sai hudawar hanji wadda ba ta kai ɗaya cikin 1,000 ba a gwajin masu lafiya. Wanda aikin ya gagare shi yana da zaɓin gwajin FIT, mai neman ɓoyayyen jini a bayan gida, wanda ake maimaitawa duk shekara ko shekara biyu. Binciken COLONPREV na Sifaniya, da aka wallafa a 2025, ya tarar mace-mace bayan shekara 10 kusan ɗaya ne tsakanin hanyoyin biyu, kuma mutane sun fi amsa gayyatar FIT. Sai dai idan ya nuna jini, leƙen hanjin ya zama dole.

Tun 2021 shawarar da ake bi a Amurka ita ce a fara gwaji daga shekara 45, kuma wanda aka leƙa ba a ga komai ba yakan jira shekara 10 kafin a maimaita. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar ya kamata ya fara tun kafin nan. Mai ganin jini a bayan gida, ko sauyin yanayinsa da ya ƙi wucewa, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, kada ya ɗora laifin a kan basir ya zauna. Ya je wurin likita ko da shekarunsa ba su kai ba.