Ta bango ko ta rufi: inda ya dace bututun hayaƙin boila ya fita

Duk wanda ke zaune a Ingila, idan lokacin canza boilar gidansa (na'urar da ke dafa ruwa tana ɗumama gida) ya yi, hankalinsa yakan tafi ga sunan kamfani da farashi, sai ya manta da abin da zai zauna da shi shekara da shekaru, wato ta ina hayaƙin zai fita. Tun watan Afrilun 2005 dokar gini ta wajabta cewa sababbin boilolin gas su zama irin waɗanda ke tatse zafin hayaƙinsu kafin su sake shi. Shi ya sa hayaƙin ke fitowa fari fat kamar hazo, cike da danshi, kuma ba ya hanzarin tashi sama, sai ya yi ta yawo a daidai inda ya fito.

Hanyar da masu aiki suka fi so ita ce a huda bango a fitar da bututun a kwance, domin ta fi arha kuma ta fi sauri. Sashen J na ƙa'idojin gini ya gindaya mata sharuɗɗa: bakin bututun boila mai fanka ya nisanci taga, ko ƙofa, ko kafar shan iska da aƙalla santimita 30, ko a sama yake, ko a ƙasa, ko a gefe. Ana buƙatar santimita 60 tsakaninsa da bangon da yake fuskanta ko iyakar maƙwabci, da mita 1.2 idan yana kallon bakin wani bututun. Idan bai kai mita 2 daga ƙasa ba a wurin da mutane ke wucewa, dole a rufe shi da ragar ƙarfe.

Waɗannan alƙaluma mafi ƙaranci ne kawai, kuma a jikina na gane haka. A gidanmu na Manchesta, irin gidajen nan da ke jere manne da juna, an fitar da bututun dab da tagar kicin, awo ya cika cif. Amma da hunturu ya shigo, duk sanda uwargida ta buɗe tagar don ƙaurin girki ya fita, sai tururin boila ya kutso ciki, gilashi ya yi ta zubar ruwa, bulon da ke kewaye da bututun ya yi kore da gansakuka. Maƙwabciyarmu, dattijuwa mai haƙuri, ta daina shanya a tsakar gidanta.

Saboda haka nake fifita a fitar da bututun a tsaye ta rufi, duk da ya fi tsada, domin sai an sayi ƙarin bututu, an buɗe rufin, an kuma toshe gefensa yadda ruwan sama ba zai shiga ba. A can sama iska ce ke kwashe tururin, babu tagar da zai leƙa, babu maƙwabcin da zai yi ƙorafi, kuma idan wata rana aka so ƙara ɗaki a bayan gida, bututun ba zai tare hanya ba. Sai dai a lura da tagar da ke jikin rufi: bututun da ke ƙasanta ya nisance ta da mita 2, na gefe ko na sama kuma santimita 60. Kowace lanƙwasa tana rage tsawon da kamfanin boilar ya amince da shi, kuma inda bututun ya ratsa cikin silin ana buƙatar ƴar ƙofar dubawa.

Akwai kuma ƙarin siririn bututu da ake ɗaurawa a bakin na bango don karkatar da tururi sama, amma a ganina faci ne kawai, ga muni a jikin gida.

Babban hatsarin yana wajen wanda zai yi aikin. Tun 1 ga Afrilun 2009 rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, ta maye gurbin tsohuwar rajista mai suna CORGI, kuma haramun ne a doka wanda ba ya cikinta ya yi sana'ar aikin gas. Masu yaudara suna da yawa, suna zuwa da fara'a da farashi mai sauƙi, wani ma ɗan'uwa ne zai kawo maka shi yana cewa namu ne. Ka nemi katinsa, ka duba hoto da ranar ƙarewa, ka juya bayansa ka ga ko boila na cikin ayyukan da aka ba shi izini, sannan ka tantance lambarsa mai alƙaluma 7 a shafin rajistar da kanka. Kada ka yarda a haɗa bututun wani kamfani da boilar wani, ko a sake amfani da tsohon bututu don rage kuɗi, domin mahaɗin da bai zauna daidai ba yana iya tsiyayar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kisa cikin barci. Kada ka biya cikon kuɗi sai ka ga an liƙe ramin bangon ciki da waje, an saka na'urar gargaɗi mai lambar inganci EN 50291 a ɗakin boilar, an kuma yi rajistar aikin yadda takardar shaidar bin ƙa'idar gini za ta iso gidanka.