Wace na'urar samar da hasken infurared ta dace da ɗakin gwaji a Maradi?

Duk malamin kimiyya ko mai bincike da ke son auna iskar gas ta hanyar haske zai buƙaci hasken infurared, wato hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta wani haske da wani) daga mikromita 3 zuwa 12, domin a nan ne ƙwayoyin gas suke shanye haske kowanne a wurinsa: metan a kusan mikromita 3.3, iskar kabon dayoksaid a kusan 4.3. Lezojin da aka fi samu a kasuwa, wato na'urori masu fitar da siririn haske mai zango ɗaya, ba su kai wannan zango ba, shi ya sa ake bi da haskensu ta cikin kiristal na musamman ya fito da wani tsawon zango. Saboda haka, kafin a tambayi farashi, a fara sanin zangon da aikin yake buƙata.

Hanya ta farko ita ce DFG, inda ake haɗa hasken leza biyu a cikin kiristal ɗaya, sai haske na uku ya fito daga bambancin da ke tsakaninsu. Idan aka haɗa leza mai nanomita 1064 da mai 1550 (nanomita 1000 ne mikromita ɗaya) a cikin kiristal da ake kira lithium niobate, za a samu kusan mikromita 3.4, dab da inda metan yake shan haske. Hasken ba shi da ƙarfi sosai, amma tsaftatacce ne, kuma leza mai 1550 irin wadda ake amfani da ita a wayar sadarwa mai ɗaukar haske ce, ba ta da wuyar samu.

Ta biyu ita ce OPO, wadda Giordmaine da Miller suka fara nunawa a 1965 a Amurka. Leza ɗaya ce ke shiga kiristal da ke tsakanin madubai, hasken ya rabu gida biyu, kuma ana iya sauya zangonsa da faɗi sosai, da ƙarfin da ya fi na DFG nesa ba kusa ba. Sai dai madubban nan suna son saiti daidai wa daida. Wanda ya ga yadda ƙurar hunturu take kwanciya a kan tebur cikin yini guda ko da tagogi a rufe suke, ya san abin da za ta yi wa madubin da haske mai ƙarfi ke dukansa: ɗigon ƙura guda yana ƙonewa ya bar tabo. Shi kansa kiristal ɗin yana zama ne a cikin ƙaramin murhun lantarki mai riƙe zafi ɗaya, don haka yankewar kuran a tsakiyar aiki tana ɓata awo, kuma zafin watan Afrilu ba ya barin ɗakin da ba shi da kilim.

A lura kuma cewa lithium niobate yana daina aiki a wajajen mikromita 5. Mai son wuce nan sai ya koma wani kiristal da ake kira ZGP, wanda yake buƙatar leza mai mikromita 2, kuɗin kuwa ya ƙaru ke nan.

Akwai kuma QCL, wata irin leza wadda aka ƙirƙiro a 1994, mai ba da infurared kai tsaye ba tare da kiristal ba. Ƙarama ce, amma zangonta ƙuntatacce ne.

A ganina, mai auna gas ɗaya tak ya sayi QCL, mai koyar da ɗalibai kuma ya ɗauki DFG, domin a nan ne suke ganin yadda sauyin yake faruwa. OPO sai ga wanda ya riga ya tanadi ɗaki rufaffe, da batir mai riƙe wuta, da ma'aikacin da ya iya saiti. Kowacce aka zaɓa, a sa tabarau na kariya cikin odar farko, domin haske irin na leza mai nanomita 1064 ido ba ya ganinsa, amma yana ratsawa har cikin ƙwayar ido ya yi lahanin da ba ya warkewa.