Shekara ɗaya da Ryzen 5 5600G a shagona na Samaru

Shagona yana Samaru, ba nisa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Aikinmu buga furojet ɗin ɗalibai, zana katin biki da fosta, sai gyaran bidiyon ɗaurin aure da walimar sauka. Na daɗe ina aiki da wata kwamfutar tebur ta hannu mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 ta kamfanin Intel, zubi na uku, irin na 2012. Ta yi mini hidima, ba zan manta alherinta ba, amma shekaru sun cim mata. Bara na tara abin da ya samu na haɗa sabuwa, kuma bayan dogon tunani na tsaya a kan furosesar AMD, Ryzen 5 5600G.

Ba ita ce sabuwar yayi ba, tun 2021 ta fito. Abin da ya ja ni gare ta shi ne wuta. Wat 65 aka ƙiyasta mata, kuma tana da sashen hoto na Radeon a cikinta, don haka ban sayi katin hoto daban ba. Duk wanda ke sana'a da inbata da batir biyu ya san darajar wannan. Idan aka ɗauke wuta da azahar, kwamfutar da allonta suna kai ni har la'asar ba tare da na tayar da janareta ba, ballantana ranar da sola ta sha rana. Katin hoto babba shi kaɗai yana iya jan fiye da abin da duk kwamfutar nan take ja.

Ta ɓangaren aiki kuwa na gamsu. Cibiya shida gare ta, wato sassa shida masu sarrafa aiki a cikin furosesar, kowace tana ɗaukar aiki biyu a lokaci guda. Ina fitar da bidiyon biki a gefe, yaron shagona yana gyara babi na huɗu na wani ɗalibi a Word, CorelDRAW a buɗe, ba ta yi mana gardama. Na sa mata RAM guda biyu masu giga takwas-takwas, domin mai haɗa mini ita a Sabon Gari ya ce: "Yallaɓai, kada ka sa sanda ɗaya, sashen hoton nan daga RAM yake ci." Gaskiya ya faɗa. Shi ne kuma ya sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, na madabod ɗin B450 (babban faifan da ake dasa furosesa a kansa) kafin ta karɓi furosesar, abin da mai saye ya kamata ya tambaya tun a kasuwa.

Zafin watan Maris da Afrilu shi na fi jin tsoro. Fankar da ta zo a kwali ta riƙe ta, sai dai lokacin hunturu duk bayan mako biyu nake buɗe akwatin in kakkaɓe ƙura. Mai son wasannin kwamfuta masu nauyi ko bidiyon 4K kullum, ya nemi 5600X ko wadda ta fi ta, ya haɗa da katin hoto. Ita 5600G ɗan rumbun ajiyar gaggawa da ke cikinta (cache) mega 16 ne, rabin na 5600X.

Abin da ya sa talaka irina ya samu cibiya shida a wannan kuɗi shi ne gasa. Kafin AMD ta fito da Ryzen a 2017, Core i7 na gama-gari cibiya huɗu yake tsayawa, shekara da shekaru. Ryzen na zuwa da takwas, kafin ƙarshen wannan shekarar Intel ta ƙara zuwa shida a zubi na takwas. Intel ma ta rama a 2021 da zubi na 12, inda ta haɗa manyan cibiyoyi da ƙanana masu tsimin wuta, kuma i5-12400 ta wannan zubin ta daɗe a raina kafin in yanke shawara. Abin da ya rinjaye ni gurbin AM4 ne, wato mazaunin furosesar AMD a kan madabod: madabod ɗaya ya ɗauki zubi bayan zubi har zuwa 5800X3D ta 2022. A nan da dala take juya farashi yadda ta so, madabod mai tsawon rai dukiya ce.

Yanzu hira a tsakanin masu gyara duk ta koma kan abin da ke tafe, sababbin zubin furosesa, Zen 6 daga AMD da Nova Lake daga Intel. Ni ina yi wa Intel fatan alheri da zuciya ɗaya. Ta sha wahala a 2024, lokacin da wasu manyan furosesocinta na zubi na 13 da 14 suka riƙa samun matsala har ta ƙara wa'adin garanti da shekara biyu, sannan Core Ultra 200S ta zo da sabon gurbi, LGA1851. Idan ta yi rauni, AMD za ta rasa mai matsa mata, farashi kuma ya tsaya a sama. Ita AMD ta yi alkawarin riƙe gurbin AM5, magajin AM4, har 2027 ko fiye, sai dai sabon nau'in RAM na DDR5 kawai yake karɓa, wato madabod da RAM duk sai an saya sabo.

Abin da nake jira daga ɓangarorin biyu furosesa ce mai wat 65 ko ƙasa, mai sashen hoto da zai iya bidiyon 4K ba tare da kati ba. Duk wanda ya riga kawo ta a kuɗin da mai shago zai iya, shi zan saya wa kwamfuta ta biyu, domin yaron shagona ya fara koyon gyaran bidiyo kuma kujera ɗaya ta yi mana kaɗan.