Tsakanin Perth Da Landan: A Wuce Kai Tsaye Ko A Yada Zango?

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya, ga bayanin da ka nema game da zuwan ɗiyarmu daga Landan zuwa Perth ta ƙasar Ostareliya a lokacin hutunta.

Nisan da ke tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na Perth ya kai kusan kilomita 14,500. Tun watan Maris na 2018 kamfanin jiragen Ostareliya, Qantas, ya fara ratsa wannan tazara ba tsayawa, da jirgin Boeing 787-9 mai kujeru 236. Daga Perth zuwa Landan awa 17 ne da ɗoriya, amma dawowa ba ta kai haka ba, domin iskar da ke kaɗawa can sama daga yamma take busowa, tana tura jirgin da ya nufi gabas, tana kuma danne wanda ya nufi yamma. A 1947 kuwa, lokacin da kamfanin ya fara kai fasinja daga Sydney zuwa Landan, kwana huɗu ake yi ana sauka ana tashi.

Jirgin kansa ba laifi. Iskar cikinsa ba ta busar da maƙogwaro kamar ta tsofaffin jirage, tagoginsa manya ne. Amma awa 17 a kujerar masu ƙaramin tikiti ba wasa ba ce. Ƙafa na kumbura, baya na ƙagewa, salla kuma sai dai a zaune. Abincin halal ma sai an nema tun kafin ranar tafiya. Ga wani abu kuma: man da jirgin ke ɗauka bai bar masa sarari mai yawa ba, shi ya sa a 2024, da rikicin Gabas ta Tsakiya ya tilasta kauce wa wasu sassan sararin sama, sai da aka riƙa tsayawa a Singafo ana ƙara mai a hanyar zuwa Landan.

Ni dai hanyar Doha ta fi kwanta mini a rai. Da jirgin Qatar Airways, Landan zuwa Doha kamar awa 7 ne, Doha zuwa Perth kamar 11. In an haɗa da jira, tafiyar takan haura awa 20, wato an yi asarar 'yan awoyi. Sai dai mutum zai sauko ya miƙe ƙafa, ya yi alwala, ya yi salla a tsaye a masallacin filin jirgin Hamad na Doha, abincin da ake rabawa a jirgi kuma duk halal ne. Ta Dubai da jirgin Emirates ma kusan lissafin ɗaya ne. Ta Singafo kuwa rabon bai yi daidai ba: awa 13 ko fiye a zango na farko, sannan biyar kacal a na biyu.

Tunda ita kaɗai za ta taso, a saya mata tikiti guda wanda ya haɗa zangon biyu, don kayanta su wuce ba sai ta karɓa a Doha ba, in kuma jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nema mata wani. Kada jiran ya gaza awa biyu, filin yana da girma. Ka kuma faɗa mata agogon Perth yana gaban na Landan da awa 8 a lokacin sanyin Landan, 7 a lokacin zafinta, don ta duba ranar saukar da kyau kafin ta turo mini.

A gaida Inna da yara.